Sai-an-auna da sifirin ɗin motar asibiti

Da hantsi yake buɗe garejinsa, ba da sassafe kamar sauran makanikai ba, wai hannun da bai gama farkawa ba ba ya ɗaure noti daidai. Zai share wurin da kansa, ya jera sifanoni a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar tela, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota yana jiran wanda zai ɓata wa rai a ranar. Shekara arba'in ke nan yana aikin ƙasan mota, kuma ƙarshen watan nan ciwon gwiwa zai zaunar da shi a gida. Direbobi na kiransa Sai-an-auna, don kusan ita ce amsarsa ga kowace tambaya. Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: ban taɓa haɗuwa da mutum mai cin rai irinsa ba, kuma shi na zo yi wa jinjina.

Yayata ce ke riƙe da wani ƙaramin asibiti. Motarsu guda ce tak, a-kori-kura mai kujeru gaba da baya, mai ja da ƙafa huɗu, ita ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan hayin rafi. Manyan motoci sun haƙe hanyar, sun bar tudu a tsakiya kamar kunyar gona, kuma da damina sai cikin motar ya hau tudun ya zauna, tayoyi na ta juyawa a banza. Bara haka ta faru da wata mai naƙuda a ciki. A amalanke aka ƙarasa da ita, jaririn bai zo da rai ba. Yaya ta rantse ba za a sake ba: sai an ɗaga gaban motar kafin ruwa ya sauka, da ɗan abin da asibitin ke da shi, wanda bai taka kara ya karya ba.

Direbansu mutum ne mai zafin nama da son burga. Ya shiga kasuwar kayan mota na hannu neman sifirin, wato murɗaɗɗun ƙarafan nan da gaban mota ke zaune a kansu. Ya sa aka jera masa duk na shagon a ƙasa, ya zaɓi biyu da suka fi tsawo da kauri. Ni na raka shi garejin.

"Baba, ga su," in ji direba. "Saka mana kawai. Inci huɗu muke so ta tashi."

Ko taɓa su tsohon bai yi ba. "Ina bambar ƙarfen da na ji za ku sa mata a goshi don kare karo? Ina batir na biyu na firjin allurai?"

"Suna asibiti."

"Je ku ɗaura su ku dawo. Sai an auna."

Muka je, muka ɗaura, muka dawo washegari. Ya zagaya motar sau biyu ya ce wa ke zama a gaba. Aka ce Yaya. Ya ce to a kira ta. Baiwar Allah ta baro layin marasa lafiya ta zo tana huci. Ya zaunar da direba a mazauninsa, ya zaunar da ita a nata, ni kuma da rigata mai guga ya sa na kwanta a kujerar baya a matsayin mara lafiya. Ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, hagu da dama, ya rubuta a jikin kwali. Daga nan ya ce mu dawo jibi.

"Jibi?" in ji Yaya. "Baba, kana ganin hadari fa!"

"Ina gani, 'yata. Ba ni na haɗa shi ba."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Akwai gareji uku a layin da za su ɗaura ƙarafan nan cikin awa guda, har su wanke maka gilashi kyauta. Da na bi ta wurin washegari na tarar da ƙofarsa a kulle, na ce a raina tsoho ya tafi hutawa ya bar mu da tagumi. Sai daga baya wani manomi da ya kawo ɗansa allura ya ba Yaya labarin wani dattijo da aka kawo a bayan babur, ya wuni yana durƙusawa a cikin ramukan hanyar rafi da sanda da tef. Da waɗannan gwiwoyin nasa da ko tsugunno ba sa yarda da shi! Kuma bai ga dalilin da zai gaya wa kowa ba.

Ranar da muka koma, ya tura wa direba ƙarafansa da ƙafa, ya miƙa masa kwali. A mayar a musanyo da waɗanda ya rubuta: gajeru, marasa kauri sosai, na ɓangaren direba ya ɗan ɗara ɗayan tsawo don can tanki da batir suke. Inci biyu kawai motar za ta tashi.

"Inci biyu!" Direba ya kama ƙugu. "Baba, ai motar ba za ta yi kwarjini ba."

"Kwarjini za ka ɗauko daga ƙauye? Na auna tudun da ya fi kowanne, inci biyu ya ishe ku har da saura. Ka ɗaga huɗu, ƙarfen da ke juya tayar gaba ya karkace, wata rana ya karye maka a tsakiyar rafi. Waɗannan naka kuma an yi su ne don motar da ta ninka taku nauyi. In na sa su gaban ba zai lotsa ba, kowane rami sai ya wuce kai tsaye cikin jikin wadda ke kwance a baya. Kai kana riƙe da sitiyari. Ita me za ta riƙe?"

Direba ya kwashi ƙarafansa yana gunaguni. Ni kuwa haushina ƙaruwa ya yi, don da ya yi wannan bayanin tun ranar farko da ba mu kwana huɗu muna zaginsa a zuci ba.

Sati uku bayan nan, da la'asar, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kira su: wata ta haihu a hayin rafi, jini ya ƙi tsayawa. Yaya ta sa mata ƙarin ruwa a cikin motar, ta riƙe robar da hannu ɗaya, ta tallafe kan matar da ɗayan. Suka wuce wurin da suka maƙale bara, cikin motar bai ko shafi tudun ba. Allurar da ke hannun matar ba ta goce ba har ƙofar asibiti. Tana nan da ranta, tana goyon 'yarta.

Yaya ta je gareji takanas don ta gaya masa. Yana ƙarƙashin wata mota, bai fito ba, ƙafafunsa kawai muke gani. Da ta gama, sai muryarsa ta fito daga ƙasa.

"Ta sha jijjiga?"

"Baba, har barci ya ɗauke ta a hanya."

Sifanar ta tsaya. Can ya ce, "To," ya ci gaba da ɗaurin notinsa.

Kai ne, Baba, mai taurin kan da ya fi ƙarafan garejinka. Kai ne ka gwammace a zage ka kwana huɗu da ka sallami mutum cikin awa guda da abin da zai cuce shi. Har gobe ina jin haushin rowar bayaninka, kuma na san ko an karanta maka wannan cewa za ka yi na cika surutu. Duk da haka mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma masu garejin da ke ɗaura wa mutum duk abin da ya riƙo a hannu don kada ransa ya ɓaci, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku koyi yadda ake ce wa mai mota a'a. Akwai wata mata a hayin rafi da ba ta san da tsohon nan a duniya ba, kuma bana ita da kanta ta yi shuka a gonarta.