Bareyin da Ishbel Tulloch ta Hana a Harbe

Na fara sanin Ishbel Tulloch ranar Talata, biyu ga Maris, 1976. Ina koyarwa a makarantar ƙauyenmu da ke arewacin Sikotilan, kuma da yake 'yan mishan sun horar da hannuna, duk mai takardar hukuma wurina yake kawowa. Ta shigo da takalman roba duk taɓo, ta ce gangaren da mahaifinta ya yi haya take so, za ta yi kiwon bareyi. Sau biyu kwamitin filaye yana korar ta, wai tumaki aka sani a nan, kuma ita mace ce ba miji. Na rubuta mata wasiƙa shafi uku, ranar zama na tsaya a gefenta. Aka ba ta. Ba ta yi mini godiya ba. Cewa ta yi rubutuna ya cika lanƙwasa.

Bayan shekara goma sha uku, cikin Afrilu, bareyin na da tsohon ciki, kare ya haƙa ƙarƙashin shingen waya ya shiga. Biyu suka mutu nan take. Tara suka jikkata, wasu cizo, wasu wayar ce ta yayyanke su wajen gudu.

Na san karen. Corrie ne, na marigayiya matata, abin da ya rage mini nata mai rai. Da hantsi ya dawo, ƙirjinsa duk jini, babu abin wuyansa mai ɗauke da sunana. Na wanke shi a bayan gidana, na ɓoye maganar. Ba na alfahari da wannan.

Da na hau gangaren, Ishbel ta riga ta lallaɓa tarar nan zuwa rumfar ciyawa, ta toshe tagogi da buhuna. Dugald Sinclair, mai gadin dajin mai ƙasa, yana bakin ƙofa da bindiga da maza uku.

"Matsa, 'yar Tulloch," in ji shi. "Barewar da kare ya kora ta riga ta mutu, labari ne bai iso mata ba. A harbe su tun naman na da amfani. Sai mu nemo karen mu gama da shi, mai shi ya biya ki."

"Kai da bindigar nan, Dugald, ko mura matarka ta yi harbe ta za ka yi."

Mazan suka yi dariya, ban da ni.

"To bari mu shiga mu kama su, likita ya ɗinke," in ji Dugald.

"Ƙarti huɗu masu warin taba? Abin da karen ya fara ku ƙarasa ke nan. Ba mai shiga."

"Kin ga karen?" Dugald ya tambaye ta.

"Na ga ƙeyarsa."

"Wace kala?"

"Kalar kare."

Dugald bai yi ƙarya ba. Ba rauni ke kashe barewa ba, firgita ce. Sai ta yi kwana uku tsaye kamar ba komai, a na huɗu ta faɗi. In suka mutu, Ishbel ba ta da garke, ba ta da hanyar riƙe gangaren sai ta fito da sunan mai karen.

Likitan dabbobi ta bari ya shiga sau ɗaya, shi kaɗai, bayan ta sa ya cire agogonsa da ke walƙiya. Daga nan ita ce kawai. Kullum riga ɗaya, tsohuwar kwat ta mahaifinta, don kada warinta ya sauya. Takan zauna kan bokiti ta juya musu baya, domin mai farauta ne ke kafa wa barewa ido. Tana fere dankali tana ƙananan maganganu, har su saba da muryar.

Suka ƙi ciyawa, suka ƙi hatsi. Rana ta uku ta tare ni a hanya.

"Malam, ganyen nan da ya lulluɓe bangon cocinku. Buhu biyu kullum, kafin ƙarfe bakwai."

"Sai dattawan coci sun yarda."

"Ka rubuta musu wasiƙa. Shafi uku."

Ban rubuta ba. Kwana goma sha ɗaya ina yanka ina ajiyewa a bakin rumfa. Rana ta huɗu ɗaya ta miƙo wuya ta tsinki ganye. Ta biyar, ƙaramarsu ta mutu. Dugald ya leƙo ta kan shinge.

"Saura takwas, Ishbel."

"Ashe ka iya ƙirga. Malam bai yi aikin banza ba."

Takwas ɗin suka tashi. Shida suka haihu a watan Yuni. Ba a sake tada maganar kare ba, tun da mai bareyin ta ce ba ta da ƙara.

Ranar da aka haifi na ƙarshe, na dawo daga makaranta na tarar da abin wuyan Corrie rataye a ƙusar ƙofar lambuna. An wanke shi, an shafa wa fatar mai, an ɗinke inda waya ta tsinka shi. Corrie ya ƙara shekara biyar, ɗaure da igiya mai tsawo. Har Ishbel ta rasu, magana ɗaya ta taɓa yi mini a kai, a bakin coci, tana gyara hularta: "Sakatar ƙofar lambunka ta yi sanyi, Malam. Ka gyara."