Butar Soja Mai Magana

A gidanmu na Dauran, in an gama tuwo aka yi isha'i, mukan kewaye murhu kafin garwashi ya mutu. Kakarmu Inna Hure ta iya labarin kura da dila, har sai cikinmu ya ƙulle don dariya. Amma akwai labari ɗaya da in za ta ba mu ba ta iya zama wuri guda. Ta tona wuta, ta tashi ta leƙa awaki, ta dawo.

"Wanga ba tatsuniya ba ce," in ji ta. "Ku bar dariya."

Labarin yayanta ne, Ɗanjuma. Ya kai raguna kasuwar Shinkafi, ya faɗa hannun masu ɗibar soja. A Kaura Namoda aka sa shi jirgin ƙasa, sai yaƙin ƙasar Bama. Abokinsa da ya dawo ya ce a wani daji mai duhu ƙishirwa ta kama waɗanda aka harba, Ɗanjuma ya tattara butocinsu ya gangara rafi. Sun jira shi har aka ce a tashi.

"Daga nan fa, Inna?"

"Daga nan mi? Ku tashi ku kwanta."

Haushi nake ji. Sai in yi ta juyi bisa tabarma ina ƙirƙira masa hanyar dawowa.

Bara 'yata Asma'u, da ke karatun kwamfuta a Kaura Namoda, ta ja ni in ga aikin da ajinsu ya yi. Tebur ne da kayan tsoffin sojoji a kai: hula, takalmi, butar ƙarfe. Sun samo muryoyin da aka ɗauka tun da daɗewa, suka haɗa kowace da kaya ɗaya.

"Baba, ɗauki wanda ka ga dama, ka aza nan tsakiya."

Butar na ɗauka. Sai muryar wani tsoho ta fito cikin shuuu ɗin tsohon kaset, da Hausarmu ta Zamfara. Yana faɗin yadda harshe ke bushewa, sannan ya shiga lissafa waɗanda aka baro can. Ya faɗi wasu, ya tsaya, ya ce, "Akwai wani yaro dogo... sunan ya ɓace mini." Kaset ya ƙare.

Na ɗaga, na sake azawa. Na sake. Mutane na jira bayana, ban kula ba. Asma'u ta taɓa hannuna ta ce, "Baba, iyakarsa ke nan."

A mota na kasa natsuwa. Sai yanzu na gane Inna ba rowar ƙarshen labari take mana ba. Ba ta da shi, kuma ta ƙi ta yi wa ɗan'uwanta ƙarya.

Ga shi yau ma namu na ɓacewa a hanyoyin dajin Zurmi. Maƙwabciyarmu Ya Delu ta baro ƙauyensu ba ta san inda mijinta yake ba. Na ce wa Asma'u ta zo da na'urarta a ɗauki muryarta tun sunaye ba su fara ɓace mata ba.

"To, me za mu aza mata a teburin?" in ji Asma'u.

Da muka tambaye ta, Ya Delu ta kwance bakin zaninta, ta fito da makullin ɗakinta na can ƙauye.

"Ku ɗauki hotonsa kawai," in ji ta. "Zan koma."