Iskar da na saya a Buza

Mun tashi da asuba daga Madawa, ni da maigidana da ɗiyarmu mai wata takwas a bayana, ga kekensa ɗaure bisa motar kasuwa tsakanin buhunan albasa. Wata uku ke nan kowace Lahadi yana tafiya wajen Garhanga hawan keke cikin wani tsohon ramin dutse, ni kuwa ina gida ina ta zullumi har ya dawo. Wannan karon na ce ƙafata ƙafarsa. In karyewa zai yi, ya karye ina gani.

Hanyar Buza ta yi mini kyau. An gama kaka, an jingine dammunan hatsi, rumbunan ƙasa sun sha sabon yaɓe. Mota ta cika har wani tsoho ya riƙe mini ledar kayan ɗiyata bisa cinyarsa, yana ba ta labarin tunkiyarsa, tana yi masa dariya. Jikka biyu-biyu anka karɓa mana, keke kuma jikka guda, sai ka ce shi ma kujera ya samu.

A Buza munka sauka neman wata mota. Na ci kwaɗon zogale mai ƙuli da yawa, na sayi cuku wajen wata Buzuwa. Maigida ya tafi neman direba, ya bar ni da keke. Nan ne na matsa tayar keken da yatsa, na ji ta yi taushi. Babana da keke ya yi ta kai albasa kasuwa har ya tsufa, kuma kullum cewa yake taya mai taushi ita ke kada mutum. Na tura keken wajen mai faci, na ce ya cika duka biyu har su yi kamar dutse. Ya cika. Ban gaya wa maigida ba, don ya sha hana ni taɓa keken nan. Na koma na zauna ina jin na yi abin kirki.

Motar ba ta cika ba sai da hantsi, saboda haka a makare munka isa. Muna sauka abokansa sunka yi ta kiransa daga can bisa. Ya ɗaure hular kwano, ya tura keke ya hau tudu da sauri, ko waiwaye babu.

Jama'a, wurin nan abin kallo ne. Rami ne babba wanda anka haƙe dutse lokacin aikin hanya, anka tafi anka bar shi. Samari da magidanta sunka taru da magirbi da baro, sunka fitar da wata 'yar siririyar hanya tun daga bakin dutse har ƙasa, tana lauje-lauje kamar sawun maciji. Duk inda kwana take sun tara jar ƙasa sun daɓe ta kamar daɓen ɗaki. Inda ruwa ke zaizaya sun jera duwatsu yadda iyayenmu mata ke jerawa a gona. Na ga wani ya gangaro, keken ya kwanta da shi har na ce kunnensa zai taɓa ƙasa, sai ya miƙe ya wuce, ƙura na bin sa. Ban san sanda na tafa ba.

Na zauna kusa da wata dattijuwa mai fura. Ta ce tana budurwa ta ɗauki dutsen ramin nan a ka, yanzu kuma ga jikokinta na tashi sama cikinsa. Gabanmu wani mai gyara na duƙe yana sace iskar tayar wani keke, tsss.

Na ce, "Inna, mi yake yi haka? Lalata masa zai yi?"

Ta yi dariya. "Ke baƙuwa ce, ɗiyata. Nan ba gudoro ba ne, babu kwalta. Taya in ta yi tauri, tsalle take bisa tsakuwa kamar ɗan akuya, a kwanar farko ta watsar da mutum. Mai taushi ita ke kama ƙasa."

Ashe da gangan maigida ya rage iskar kekensa tun a gida. Na ɗaga kai, ga shi can bisa, mutum ɗaya ne kawai gabansa a layi.

Na tashi na kwarara kira, "Maigida!" Maza sun fi goma sunka waiwayo, ban da nawa. Sunansa kuwa tun da anka ɗaura mana aure bai taɓa fita bakina ba, balle cikin taro. Sai na sheƙa da goyona, na tsaya tsakiyar hanyar kekunan, na buɗe hannuwa. Mai usur ya busa da ƙarfi, komi ya tsaya cak. Daga baya na ji dokarsu ce: ko akuya ta shiga hanya, ba mai gangarowa sai ta fita.

Ya sauko da ƙafa yana jan keke, fuska a murtuke. Gaban kowa na faɗi abin da na yi. Ya matsa tayar. Mai gyara ya ƙwanƙwasa ta, ya ce, "Wagga ai sai dakon buhu uku na albasa!" Wuri ya kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigida ya kama hannuna, ya ɗora yatsana bisa bakin zuba iskar tayar, ya ce, "Ke kinka zuba, ke za ki rage. Danna har in ce ya isa."

Na danna, ta gaba da ta baya. Ya sake hawa. Da ya gangaro ban rufe ido ba, na ga yadda tayar nan ta manne a kwana, ya wuce lafiya lau.

Mun iso Madawa ana kiran magariba, ƙafafuna ja wur da ƙasa. Abin da na koyo shi ne, tsoro ba ya zama wuri ɗaya, aiki yake sa mutum, kuma nawa ya kusa karya uban ɗiyata alhali ina ganin tsare shi nake yi. Tsoron bai bar ni ba, kar in yi muku ƙarya. Amma yanzu in ya taso, kafin in miƙa hannu, baki nake buɗewa in tambaya.