Sojan Da Ya Zo Tambayar Ƙarshen Littafina

Duk abin da zan manta a harkar rubutu, ban da makon da wani soja ya yi ta nemana a Samaru.

Lokacin ina ɗaliba, na fitar da littafin soyayya na ɗaya da na biyu, na ukun yana wurin mai buga littattafai a Sabon Gari. A zamanin kowace marubuciya sai ta sa lambar waya a bayan littafi. Ni kuwa ko wayar ba ni da ita, sai na sa ta wata Anti 'yar Kudancin Kaduna mai rumfar buga waya a bakin layinmu, ita ke karɓa mini saƙo.

Na biyun ya ƙare ne jarumar, mai ciwon sikila, tana kwance a asibiti ana saura kwana uku ɗaurin aurenta. Sai kira ya yi ta shigowa. Wasu su ce sun sha kuka, Allah ya ƙara basira, wasu su ce ba ni da imani. Wata ma ta ce in na kashe yarinyar nan ba ta yafe ba. Ni kuwa sai fasa kai nake yi, don na riga na kashe ta a na uku, a ganina gwaninta ce.

Ran nan Anti ta tare ni ba fara'a. "Ƙanwata, wani soja daga barikin Basawa ya bugo sau huɗu. Bai yaba ba, bai zaga ba, gidanku kawai yake tambaya."

Nan take na tuna akwai soja a labarin kuma mugu na mai da shi. Kwana uku ina bi ta bayan layi, ko ƙarar babur na ji sai in laɓe. Ranar Asabar na leƙa karɓar saƙo, ashe yana zaune a bencin Anti cikin kaki, da littafina na biyun a hannunsa duk ya yamutse. Kafin in juya Anti ta nuna masa ni.

Ya ce, "Malama, 'yata shekararta sha biyar, sikila gare ta. Ta karanta wannan ya fi sau goma. Ta ce in yarinyar nan ta mutu, ita ma mu daina wahalar kai ta asibiti. Don Allah, za ta tashi?"

Na ce, "Za ta tashi, Yallaɓai."

Sai da ya yi godiya ya tafi na san tsoro na gaske. Na faɗa bas ɗin Sabon Gari ina ta addu'a kada a ce an gama bugawa. Mai bugun ya ce shafukan ƙarshe ne suka rage, da ba a ɗauke wuta ba da tun jiya an wuce wurin. Nan na zauna a kan damin takardu na sake babin, na tashi yarinyar, aka ɗaura aure.

Da ya fito wasu sun ce na kwafsa, ƙarshen bai zauna ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ban sake ganin sojan ba, har yau ban san yadda 'yarsa ta ƙare ba. Amma tun daga ranar, kafin in kwantar da kowa a gadon asibiti cikin labari, sai na tuna akwai wadda za ta karanta shi tana kwance a kan na gaske.