Ranar da aka karya mai ɗori

Mahaifina mai ɗori ne, duk Mandawari an san zaurenmu da karare da tsumma. Amma shi kansa ƙafar baka gare shi tun yana yaro, kuma da girma ya zo sai gwiwar dama ta ce ba ta san zancen ba. Ya kai ga ba ya iya ruku'u, balle sujada. A kan kujerar roba yake salla a ƙarshen sahu, kuma wannan ya fi ciwon ci masa rai.

Shekarun tashin bama-bamai ne. An hana acaɓa, ko'ina shingen sojoji, a-daidaita-sahu kuma ba ya shiga lungunmu. Ni da ƙanena muka riƙa tallabo shi zuwa titi, yana yi mana faɗa wai ba mu iya ɗaukar mara lafiya ba.

Likitan da muka samu a asibitin ƙashi ɗan kudu ne, bai tafi ba a lokacin da 'yan uwansa ke tattara kaya suna barin gari. Ya ɗaga hoton ƙafar, da Hausarsa mai tsami ya ce nauyin Baba duk a gefe ɗaya na gwiwar yake sauka, har gurunguntsin wajen ya cinye. Zai yanka ƙashin ƙwauri, ya miƙar da shi, ya kafe da ƙarfe.

Baba ya ce, "Likita, ni fa ƙashin da ya karye nake haɗawa. Kai kuma lafiyayye za ka karya?"

Likita ya ce, "Baba, in an kawo maka ɗorin da ya kama a karkace, yaya kake yi?"

Shi ma Baba sake karyawa yake yi, mun sha jin ihun mutane daga zaure. Sai ya ce a kawo takardar amincewa da aikin ya sa hannu.

Jinyar ta ba mu wahala, don babu mara lafiyar da ya kai mai ɗori taurin kai. Kullum sai ya lalubi ƙwaurin da yatsu ya ce ya kama, mu kuma mu ce likita ya ce kada ya taka tukuna. Har yau ina yi wa likitan nan addu'a, shi da haƙurinsa.

Bayan watanni, wata Juma'a, Baba ya tafi masallaci da ƙafarsa. A bakin ƙofa 'yan agaji suna bin kowa da na'urar bincike, tana zuwa gwiwarsa ta yi ƙara. Mutane suka dare. Shi kuwa ya naɗe wando a hankali, ya nuna tabon, ya ce, "Ƙarfe ne, ɗori aka yi mini." Wani ya gane shi, aka yi dariya aka ba mu hanya.

A tsakiyar sahu ya tsaya, ina gefensa. Da liman ya yi kabbarar sujada sai na ji Baba ya sauka, a hankali, har goshinsa ya taɓa tabarma. Hawaye suka zubo mini, ban san me na karanta ba.

Da aka sallame ya juyo ya ce, "Tashi ka rama sallarka. Ƙafata ka yi ta kallo."