Gazon Ɗin Hatsi

Ni fa haihuwar Kurfai ne, tun ina ɗan mitsitsi aikina ke nan kashe haki da hauya. Sai ga shi zamanin soja an ɗauke ni aiki Filinge, gidan kumandan mai riƙe da gari, wai in shuka haki, in ba shi ruwa safe da marece. Gazon ake ce wa hakin. Ranar da na gaya wa tsohona, dariya ya yi har da hawaye, ya ce, "Biyanka za su yi ka raya abokin gabana? Kai, nasara ya bar mana abin mamaki!"

Irin gazon ɗin daga Yamai anka kawo shi cikin takarda mai hoto. Shegen abu, ya fi raƙumi shan ruwa, ga shi ba ya da haƙurin raƙumi. Shekarar kuwa damina ta yi gardama, pampo sai tari yake, mata na layi da bokiti tun asuba. Ni ina wuce su da arozuwar, butar ban ruwan nan mai bakin rariya, suna bi na da harara. Wallahi kunya nake ji. Duk da haka, bazara na shigowa gazon ya ƙone ƙurmus.

Kwatsam kumandan ya kira ni. Wai wani kanar na tafe daga Yamai nan da kwana goma sha biyu. "Ranar nan in ga tsanwa a filin nan, ko in ga bayanka."

To, albashin nan shi ke ciyar da gidanmu, rumbu ya daɗe da yin ƙasa. Na ruga gida na zayyana wa tsoho. Ya tashi ya kwanto buhun da ke rataye a ɗakinsa. Hatsin iri ne, wanda ya gada wurin kakana, ko da yunwa ta yi yunwa ba a taɓa shi.

"Hatsi kwana ukku yake tsira," in ji shi. "Watsa shi da kauri. Amma ka sani, shi ke nan gare mu. In ya tafi, ba mu da abin shuka bana."

Na kwashe gawar gazon, na watsa hatsin, na yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Ran na huɗu, Allahu Akbar! Fili ya yi tsiri-tsiri. Ran na goma ya yi kore shar, iska na kaɗa shi. Tsalle na dinga yi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Kumandan, ɗan birni, ya zo ya riƙe ƙugu ya ce wannan gazon ko na Yamai albarka. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannu ne."

Murnata ba ta je ko'ina ba. Ranar zuwan baƙo na ga sojoji na jido kujeru da tebura, za a jera su bisa gazon, a ci a sha, makaɗa su taka. In na yi magana asirina ya tonu, in na yi shiru a tattake irin tsohona.

Ana cikin haka motar kanar ta tsaya. Dogo ne baƙi, ya doso fili kai tsaye, har ya ɗaga takalmi, sai ya dakata. Ya duƙa ya tsige ƙwara ɗaya, ya duba saiwar. Ga ƙwayar hatsi nan maƙale!

"Wa ya shuka wannan?"

Na fito, na faɗi gaskiya tas, har da buhun tsoho. Kumandan kamar ya haɗiye ni.

Kanar ya tuntsire da dariya. Da Hausarsa ta Zabarmawa ya ce, "Ni ɗiyan manomi ne. Ku ɗauke kujerun nan ku kai bisa rairayi. Ba a taka abinci."

Wayyo daɗi! Ruwan farko na sauka na rage kaurin hatsin, munka yi dashe da sauran a gonarmu. Kumandan bai sake yi mini zancen gazon ba, har anka canza shi. Da farar hula sunka karɓi mulki ina nan, na cika filin da aduwa da zogala, masu shan ruwa da kunya. Yau in na je Yamai na ga tiyo na kwarara bisa haki, raina ɓaci yake.

Shekarar zuwan kanar kuwa, da kaka ta yi, da kaina na ɗauko damin farko daga gidan kumandan na aje gaban tsoho. Ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza a tafi, ya hure, ya daɗe yana kallo. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Shi ne," ya ce. "Irin babana ne. Ya je ya yi aikin gwamnati ya dawo gida."