Ƙasar Jikin Doya

A shekarun da na yi ina karɓar wasiƙu a wani ofishin gwamnati a Minna, aikina bai wuce hatimi da fayil ba. Cikin abin da ke zuwa daga Abuja har da wasu takardu masu ƙananan rubutu. Idan wata ƙasa za ta sauya ƙa'idar kayan da ake shigar mata, dole ta sanar da ƙasashen da take ciniki da su, ta ba su lokaci su faɗi abin da bai yi musu ba. Ni dai in buga hatimi in jefa a kabad. A ganina maganar manyan 'yan kasuwan Legas ce, mu me ya haɗa mu da jirgin ruwa?

Surukina manomin doya ne a Paiko. Wata shekara wani dillali ya zaɓi doyarsa za a kai ƙasar waje. Tsohon ya ware mafi kyau, ya hana kowa taɓa ƙasar da ke jikinta, don a wajensu doyar da aka wanke saurin lalacewa take yi, mai saye ma ba ya yarda da ita. Har bakin titi ya raka motar.

Bayan mako uku aka maido doyar daga tashar jirgin ruwa, rabi ya ruɓe. Sabuwar ƙa'idar ƙasar da za a kai ta ta hana shigar da doya mai ƙasa a jiki.

Na buɗe kabad na duba. Takardar sanarwar wannan ƙa'ida tana nan da hatimina, wata biyar ke nan. Kunya ta kama ni, ko matata ban gaya wa ba.

Ranar Asabar na hau motar Paiko. Na tarar da shi a tsugune yana ware ruɓaɓɓu.

"Baba, sai haƙuri," na ce.

"Mutanen nan ba su taɓa noma doya ba," in ji shi. "Da na sani, ai da busasshen buhu zan kakkaɓe ta, ba ruwa, ba ciwo. Da sun tambaya ma da na nuna musu. Wai kafin a kafa doka ba a tambayar mutane ne?"

"Ana tambaya, Baba."

"To wa suka tambaya?"

Na ce masa ban sani ba.

Ya girgiza kai, ya zaɓo doya biyu da suka tsira, da ƙasarsu a jiki, ya ce in kai wa 'yarsa.